Ciwon Gindin Babban Yatsa: A Yarda Da Tiyata Ko A Haƙura?

Makon nan maganarmu a kan wata 'yar gaɓa ce wadda faɗinta bai fi na ƙwandala ba, amma in ta tashi rigima sai ta rufe wa mutum shago. Ina nufin gaɓar da ke gindin babban yatsan hannu, daidai inda yatsan ya haɗu da wuyan hannu. Cikin wata biyun nan saƙo uku na samu a kanta, biyu daga nan Lome, ɗaya daga Kwatano, kuma duk tambayar ɗaya ce: likita ya ce sai an yi aiki, in yarda ko in haƙura?

Ni dai ba likita ba ne. Abin da nake da shi shi ne ɗan Faransancin da na samu a makaranta, wanda ya mai da ni tafintan dangi da maƙwabta a Zongo. Duk wanda za shi asibiti sai a ce a kira wane ya raka shi. A haka na zauna a gaban likitocin gaɓɓai da na ƙashi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ina juya tambayar marar lafiya zuwa Faransanci, ina juyo amsar likita zuwa Hausa. Abin da na tsinta a wannan zama shi zan baje muku. Hukuncin ƙarshe kuwa yana tsakaninka da likitan da ya riƙe hannunka ya duba.

Abin da ke faruwa a cikin gaɓar

Wuyan hannun ɗan'adam ƙananan ƙasusuwa takwas ne, jere layi biyu. Ɗaya daga cikinsu, wanda likitocin nan ke ce wa tarafez, shi ne mazaunin babban yatsa. Yatsan yana zaune a kansa kamar yadda mahayi ke zama a kan sirdi, shi ya sa yake iya yin gaba, ya yi baya, ya yi gefe, ya kewayo ya taɓa bakin kowane yatsa. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai guringuntsi mai santsi. Idan shekaru suka ja, guringuntsin nan yakan sirance har ya cinye, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Wannan shi ne amosanin gindin babban yatsa. A takardar likita za ka ga an rubuta rhizarthrose, to shi ne, kada sunan ya tsorata ka.

Abin da ya sa gaɓar ke saurin gajiya, masana sun auna sun gano cewa in ka matse abu da ƙarfin kilo 1 tsakanin babban yatsa da manuni, nauyin da ke sauka a gindin yatsan ya kai wajen kilo 12. To yanzu lissafa da kanka. Mai atamfa a Asigame da ke riƙe almakashi daga safe zuwa la'asar. Ɗan canji da ke murza takardun sefa dubu kan dubu. Mai goro da ke tsinta yana ɗaure huhu. Mai albasar Galmi da ke ɗinke bakin buhu da basilla. Tela, da mahauci, da mai kitso, da uwargida mai matse wanki da hannu. Duk sana'armu a kan yatsan nan take.

Ciwon yakan fara ne da tsuki a gindin yatsa in za ka murɗa makulli, ko buɗe murfin kwalba, ko yage leda. Daga baya sai abu ya riƙa suɓucewa daga hannu. In ya daɗe, wurin yakan yi ƙullutu ya fito kamar kafaɗa, yatsan ya lanƙwashe ya shige cikin tafi, har mutum ya kasa buɗe hannu ya kama kofi. Ya fi kama mata, musamman bayan al'ada ta ɗauke, yana bin jini a wasu gidaje, wanda kuma ya taɓa karaya ko targaɗe a wurin yakan same shi da wuri. Ku duba fa, waɗanda suke yara a 1977, lokacin da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari aka dawo da iyayenmu nan Agoe, yau duk sun haura hamsin. Su ne masu riƙe da shaguna da gidaje a yanzu, kuma shekarun wannan ciwo ke nan. Shi ya sa maganar ta yawaita a majalisu.

Sai dai ba kowane ciwon babban yatsa ne wannan ba. Mai jego da ke jin zafi a gefen wuyan hannu in ta ɗaga jariri, yawanci jijiyar da ke jan yatsan ce ta kumbura. Wanda yatsunsa ke mutuwa da dare suna masa kamar tafiyar kiyashi, wannan jijiyar ji ce ta matse a wuyan hannu. Wanda gaɓɓan hannu biyu suka kumbura lokaci guda, suna sandarewa da safe fiye da awa ɗaya, nasa wani amosanin ne daban, maganinsa ma daban, kuma jinkiri yana masa illa. In kuwa gaɓa ta yi ja, ta ɗau zafi, ga zazzaɓi, ranar nan za a tafi asibiti, ba gobe ba. Don haka matakin farko shi ne a san sunan ciwon. Likita zai murza yatsan, ya sa a ɗauki hoton ƙashi, wanda a nan muke ce wa radiyo. A babban asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio da ke Tokoin akwai sashen ciwon gaɓɓai, akwai kuma na tiyatar ƙashi. Farfesa Moustafa Mijiyawa ma, wanda ya zama ministan lafiya a 2015, asalinsa likitan gaɓɓai ne. Ba ilimin da sai an tsallaka teku ake samunsa ba ne.

Kafin a kai ga wuƙa

Magana ɗaya da na ji daga bakin likita fiye da ɗaya ita ce: ba hoto ake yi wa aiki ba, mutum ake yi wa. Akwai wanda radiyonsa ya nuna gaɓa ta cinye sarai amma yana harkarsa ba ya jin komai. Akwai wanda hotonsa da sauƙi amma ba ya barci. Ciwon nan ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa wani wuri, ba ya kisa. Wata shida na tunani ba za su ɓata komai ba. Wanda duk ya ce maka sai an yi makon nan ko hannu ya lalace, nemi wani likitan ya sake dubawa.

Abin da ake fara gwadawa, na farko, maɗaurin yatsa ne, wanda ma'aikatan asibiti ke ce wa atel ko ortez. Yana riƙe gindin yatsan ya hana shi motsin da ke jawo zafi, ya bar sauran yatsu suna aiki. Akwai mai taushi na rana, akwai mai tauri na dare. Ana samun na kanti a manyan farmasi, amma wanda aka auna hannunka aka yi maka ya fi zama daidai, kuma irin aikin cibiyar CNAO ke nan a nan Lome, inda ake ƙera ƙafar roba da sauran kayan tallafa wa gaɓɓai.

Na biyu, sauya yadda ake aiki. A naɗe ƙotar wuƙa da ta almakashi da tsumma ko robar taya ta yi kauri, don abu mai kauri ya fi siriri sauƙin riƙo. A wasa almakashi kullum. A ɗauki kaya da hannu biyu ko a rungumo shi, kada a tsunko shi da bakin yatsu. Mai ƙirga kuɗi da yawa ya sayi na'urar ƙirga, ko ya ce wa manyan abokan cinikinsa su turo ta waya. Waya ma a daina latsa ta da babban yatsa, a aika saƙon murya. Masu gashin ƙashi, 'yan kine, suna koya wa mutum motsin da ke ƙarfafa naman da ke kewaye da gaɓar. Tsoma hannu a ruwan ɗumi da safe yana sassauta shi.

Na uku, magani. Man shafawa na dikilofenak yana taimakawa, kuma ya fi ƙwaya sauƙi ga ciki. Farasitamol ma haka. Amma ƙwayoyi irin su ibufurofen da dikilofenak, in aka mai da su abincin kullum, suna jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda, su hau da jini, balle a ce da sahur aka haɗiye su aka wuni ba ruwa. Ina roƙonku da Allah ku rabu da haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a bakin tasha. Sau da yawa a ciki akwai dezametazon, mai kumbura fuska ya tayar da sukari ya rarake ƙashi, ko taramol, wanda shigarsa da sauƙi, fitarsa da wuya.

Na huɗu, allurar kotizon a cikin gaɓar. Takan kwantar da zafi na makonni ko 'yan watanni, ba ta mai da guringuntsin da ya cinye, ba a kuma yawaita ta. Mai ciwon sukari ya faɗa wa likita tun kafin a yi, domin takan ɗaga sukari na 'yan kwanaki.

Na san wani zai ce, to maɗori fa, da wanzami? Maɗoranmu gwanayen karaya ne, nan kuwa babu abin da ya karye da za a ɗora. Man kaɗanya da ɗan dannawa a hankali ba su da laifi, suna sa a ji daɗi. Amma tsaga ko sakiya a kan gaɓa, in ƙwayar cuta ta samu hanya ta shiga ciki, ciwon da ake gudu sai ya zama wasa a kan wanda zai biyo baya. Mai sukari kam kada ma ya fara.

Yaushe ne tiyata ta zama magana?

In an yi wata uku zuwa shida ana bin waɗannan da gaske, ba a saka maɗauri kwana biyu a jefa shi ƙarƙashin katifa ba, sai mutum ya yi wa kansa tambaya uku. Zafin yana tashe ni daga barci? Ya hana ni sana'ata ko hidimar kaina, kamar ɓalle maɓalli da riƙe buta? Zan iya ajiye hannun nan wata uku ba tare da gidana ya kwana da yunwa ba? In amsar ukun duka i ce, to lokaci ya yi da za a zauna da likitan tiyata. In ta ukun a'a ce, ba a fasa ba, shiri ne bai kammala ba.

Aikin kala uku ne manya. Na farko, wanda aka fi yi a duniya, shi ne a cire ƙashin tarafez ɗungurungum. In babu shi, babu abin da zai goga. Gurbin yakan cike da tabon nama, yatsa ya samu sabon mazauni. Wani likita ɗan Ingila mai suna Gervis ne ya bayyana shi a 1949, ka ga ba sabon abu ba ne. Wasu likitocin sukan ƙara da yanko ɗan zaren jijiya daga hannun su ɗaure gindin yatsan da shi. Binciken da aka yi na kwatanta hanyoyin biyu bai nuna cewa ƙarin ya fi cirewa zalla amfani a zahiri ba, don haka kada ka ɗauka an rage maka wani abu in likita ya ce cirewa kawai zai yi. Mafi yawan waɗanda aka yi wa suna rabuwa da zafin ko ya ragu ƙwarai. Abin da ake biya shi ne jinya mai tsawo, kuma ƙarfin matsi ba lalle ya koma kamar na ƙuruciya ba, yatsan ma yakan ɗan gajarce.

Na biyu, a haɗe ƙasusuwan biyu da ƙusa ko waya su zama ɗaya. An fi yi wa mai sauran ƙuruciya da ke aikin ƙarfi, kamar mai lodi a bakin tashar jirgin ruwa. Riƙo yana ƙarfi, amma gaɓar ta daina motsi har abada. Tafin hannu ba zai shimfiɗu sosai a ƙasa ba, za ka ji shi a sujada, za ka ji shi wajen sa hannu a aljihu. Wani lokaci kuma ƙashin yakan ƙi haɗewa, musamman ga mai shan taba.

Na uku, a saka gaɓar ƙarfe, 'yar ƙarama mai kama da ta ƙugu. A Faransa aka fara ta a farkon shekarun 1970, kuma a can da Beljiyam ta fi karɓuwa. An fi saurin komawa aiki da ita. Amma tana da tsada, tana iya gocewa ko ta saki bayan shekaru, in haka ta faru kuma sai an sake buɗewa. Ga shawarata a nan: kada ka sa a jikinka abin da babu mai gyara shi kusa da kai. In 'ya'ya a Turai sun ce ka zo a saka maka, tambayi wa zai duba ta in ka dawo Zongo.

Kowanne daga cikinsu yana da kasadarsa: ciwo ya ruɓe, fatar bayan yatsa ta mutu ko ta riƙa tsuki saboda an taɓa 'yar jijiyar ji, ko kuma, ga mutane kaɗan, hannu ya kumbura ya sandare yana zafi na watanni. Likitan kirki zai faɗa maka waɗannan da bakinsa. Kai kuma ka tambaye shi, ba rashin kunya ba ne: wane irin aikin za ka yi mini, me ya sa shi? Sau nawa kake yin irinsa a shekara? Mako nawa zan yi a ɗaure? Wa zai yi mini gashi bayan an kwance? In ba ka jin Faransanci sosai, tafi da wanda yake ji, kuma wanda ba ya jin nauyin maimaita tambaya.

Lissafin ɗan kasuwa

Mu fatake mun iya lissafin kaya, amma in aka zo lissafin jiki sai mu ƙirga kuɗin aiki kawai. Kuɗin aiki shi ne ƙarami. Ka nemi a rubuta maka takardar ƙiyasi, wadda suke ce wa debi, ka ga ko ta haɗa da gwajin jini, da mai allurar kashe zafi, da magunguna, da wankin ciwo. Sannan ka ɗora kuɗin kine na makonni, da na mota daga Agoe zuwa cikin gari da dawowa, tafiyar da ta kai kilomita 15, kuma a tasi, domin mai hannu a ɗaure ba ya hawa zemijan. A saman duka ka ɗora cinikin wata biyu zuwa uku da ba kai za ka tsaya a kai ba. Wannan jimillar ita ce farashin gaskiya. Inshorar lafiya ta AMU ta fara aiki a Togo a Janairun 2024 a hannun INAM da CNSS. Mai kati ya je ofishinsu da debinsa tun kafin a sa rana, ya ji abin da za su ɗauka.

Kada a ci bashi mai ruwa don aikin da zai iya jira. A shiga adashi, a sa ranar aiki bayan kwasa. Kada kuma a taɓa uwar kuɗi, don hannu zai warke ya tarar babu abin juyawa.

Sai zaɓen lokaci. Kowa ya san kakarsa. Mai yadi da tela ba za su ajiye hannu ana saura wata ɗaya azumi ba, ko a watan Disamba. Mai raguna ba zai yi gab da layya ba. Mai niyyar hajji ko umara ya bar aƙalla wata shida tsakani, ga jan jaka, ga turereniya. Damina ma abin dubawa ce, mun san yadda ruwa ke kwanciya a layukanmu, ɗaurin kuwa ba ya son jiƙa, mai hannu ɗaya kuma ba ya son santsi.

Wasu sukan ce gara su tafi gida, a yi a asibitin ƙashi na Dala a Kano, kusa da dangi, inda likita ke jin Hausa. Wasu su ce Afagnan, asibitin Saint Jean de Dieu da aka sani da aikin ƙashi. Wasu su tsallaka Aflao su nufi Korle Bu a Akara. Duk inda za ka, ka'idar ɗaya ce: inda aka yi aikin, nan za ka zauna har a cire zare, a kwance ɗauri, a fara gashi. Wanda aka yi wa aiki a Kano ya hau doguwar mota bayan kwana biyar don kaya sun iso bakin ruwa, ya ɗauko wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa.

Yadda jinyar take

Aikin kansa yawanci bai fi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Sau da yawa hannun kawai ake kashewa da allura, mutum yana farke, kuma akan sallame shi ranar ko washegari. Kafin ranar, ka faɗi duk abin da kake sha, har asfirin da jiƙe-jiƙen gida. Mai sukari da mai hawan jini sai an daidaita su tukuna.

Makon farko da na biyu su ne masu wuya. Hannu yana cikin ɗauri mai kauri, dole a riƙa ɗaga shi sama da ƙirji, a dora shi kan matashi in za a kwanta, a riƙa motsa sauran yatsu da gwiwar hannu da kafaɗa don kada su sandare. In yatsu suka yi sanyi ko suka sauya launi, ko zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ɗaurin ya fara wari, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti nan take. Tsakanin kwana 10 zuwa 14 ake cire zare. Daga nan sai filasta mai tauri ko ortez har mako 4 zuwa 6. Sannan gashi ya fara, kuma a nan ne rabin nasarar take. Tuƙin mota sai wajen mako 6 zuwa 8, babur ya fi haka. Ƙaramin aiki kamar rubutu da karɓar kuɗi yana dawowa kafin wata uku. Ɗaukar nauyi da matsi mai ƙarfi sai bayan wata uku. Cikakken ƙarfi kuwa yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda yana dawowa kaɗan-kaɗan. In hannu biyu ne ke ciwo, ɗaya ake fara yi.

Akwai abin da likita ba zai tuna ya faɗa maka ba, don ba a gidanmu ya tashi ba. In hannun dama ne, za ka ci da hagu ko da cokali na makonni, kuma lalura ce, babu abin kunya. In na hagu ne, maganar tsarki ce za ta taso, sai an yi dabarar buta tun kafin ranar. Alwala kuwa, malamanmu sun yi bayanin shafa a kan ɗauri, a je wurin limamin unguwa a ji yadda ake yi tun hannu yana sake. Wajen wanka a sa hannun a leda a ɗaure bakinta. Mace tana bukatar mai ɗaura mata zane da ɗankwali, mai girki, mai wanki. Maigida, wannan da kai nake. In Hajiya ce za a yi wa, kada a kwana goma ka fara tambayar ina tuwo. A ɗauko ƙanwa ko 'ya, a raba aiki tun kafin a tafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle wanda aka ɗinke.

Mutum biyu, hanya biyu

Gwaggona mai atamfa ce, ta haura shekara talatin a kasuwa, gobarar Asigame ta Janairun 2013 ma da ita aka yi, ta sake tashi daga toka. Abin da wuta ba ta yi mata ba, yatsa ya so ya yi. Ta kai almakashi yana faɗuwa daga hannunta a gaban mai saye. Ta yi maɗauri, ta yi allura sau biyu, daɗin bai daɗe ba. Ranar da muka fito daga wurin likita ta ce mini, “Kai ɗan nan, ni ba wuƙar nake tsoro ba. Wa zan bar wa shago?” Na ce, “Gwaggo, ai kin yi shekara goma kina cewa yarinyar nan ba ta iya ciniki ba, ba ki taɓa barinta ta gwada ba.” Ta harare ni, amma ta ji. Wata huɗu ta yi tana zaunar da 'yarta a gaba, ta nuna mata masu bashi da masu ba da kaya, ta buɗe littafi. Bayan babbar salla aka cire mata ƙashin. A mako na uku ta yi kuka ta ce da ta sani da ba ta yi ba. A wata na huɗu ta koma kasuwa tana zaune tana ba da umarni. Da shekara ta kewayo tana yanka yadi da kanta, sai dai murfin kwalba mai tauri har yau miƙa wa jika take yi. Barci kuwa tana yinsa har da minshari.

Wani dattijo maƙwabcinmu mai goro, hotonsa ya fi na gwaggo muni. Ya saurari likita tsaf, ya ce, “Likita, zafin nan in ina tsintar goro yake zuwa, in na bari ya bari. Shekarata saba'in. Yara su tsinta, ni in yi ciniki da baki.” Likita ya ce masa ya yi daidai. Yana nan da maɗaurinsa, yana shafa mai, yana jan carbi da ɗaya hannun.

Dukansu biyu ban ga wanda ya yi kuskure ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda nake jiye wa shi ne na ukunsu, wanda bai je an duba ba, bai kuma huta ba, yana ta haɗiyar ƙwayar leda shekara da shekaru har ciwon yatsa ya koma ciwon ƙoda. In kana da irinsa a gida, uwa ce ko miji ko abokin shago, ka kama hannunsa ku je a ɗauki radiyo a ji sunan abin. Daga nan sai a yi lissafi a tsanake.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu taɓa maganar ciwon baya ga masu doguwar tafiya a mota, daga Lome zuwa Sinkase har Yamai. Masu tambaya su ci gaba da aikowa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya mai da matafiya gida lafiya. Wassalam.